Na'urar Garmin inReach Mini 2 a Doguwar Tafiyar Hamada: Amfaninta da Iyakarta

Duk wanda ya fara shirin ƙetare hamada da mota mai jan ƙafa huɗu, hankalinsa kan fara zuwa ne kan tayoyi da jarkunan mai da na ruwa, kuma haka ya kamata. Maganar sadarwa ita ake bari sai ƙarshe, wataƙila domin mun saba da wayar da ke aljihunmu har mun manta cewa amfaninta yana ƙarewa ne a inda sabis ya ƙare, wato sau da yawa 'yan kilomitoci kaɗan bayan gari na ƙarshe. Na'urar inReach Mini 2 ta kamfanin Garmin an ƙera ta ne domin irin wannan wuri. Na yi aiki da ita a tafiye-tafiye masu nisa cikin rairayi da tsakuwa, kuma ra'ayina shi ne ta cancanci wuri a kowace motar da za ta yi kwanaki nesa da mutane, da sharaɗin mai ita ya gane cewa babban amfaninta yana cikin ƙananan saƙonnin da take kaiwa ta dawo da amsarsu, fiye da maɓallin neman agajin da aka fi saninta da shi.

Ƙaramar aba ce da take ɓacewa a tafin hannu. Nauyinta giram 100 ne, tana da gajeriyar eriya mai kauri a samanta, da ƙaramin allo mara launi wanda ake iya karantawa a tsakiyar rana ba tare da an yi masa inuwa ba, sai maɓallai kaɗan a gefunanta. An fitar da ita a shekarar 2022, amma asalin fasahar ta wani kamfani ce mai suna DeLorme, wanda Garmin ya saya a 2016. Jikinta a rufe yake ruf, an kuma gwada ta da nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. A hamada ba ruwa ne abin damuwa ba, amma jikin da ya hana ruwa shiga yana taimakawa wajen tare ƙurar da ke kutsawa cikin komai, kuma ban ga ƙura ta hana maɓallanta aiki ba.

Abin da ya ba ta daraja shi ne hanyar da saƙonta ke bi. Tana magana ne da taurarin ɗan'adam na Iridium, guda 66 masu aiki, waɗanda ke zagaya duniya a tsayin kimanin kilomita 780, suna bi ta kusa da ƙuryar arewa da ta kudu, kuma kowane ɗaya yana kammala zagayensa cikin kusan minti 100. An gama sabunta su gaba ɗaya a farkon 2019. Saboda suna miƙa wa juna saƙo a sararin samaniya kafin ya sauko ƙasa, babu wani yanki na duniya da ba su rufe ba, ko a Sahara mutum yake, ko a Rub'ul Khali, ko a Namib, ko a tsakiyar Ostareliya. Wannan ya bambanta su da taurarin da ke tsaye a wuri guda a saman layin da ya raba duniya biyu, irin waɗanda wayoyin Thuraya ke amfani da su, inda dole a fuskantar da eriya wani sashe na musamman, kuma akwai nahiyoyin da ba su kai ba. Taurarin Iridium wucewa suke yi, don haka idan dutse ko tudu ya tare ɗaya, bayan 'yan mintoci wani zai ɓullo ta wata kusurwa. A buɗaɗɗiyar hamada saƙo kan fita cikin ƙanƙanin lokaci. A cikin kwazazzabo mai tsayin bango sai an yi haƙuri, ko a hau sama da na'urar.

Kowane saƙo ba ya wuce haruffa 160, kuma ana iya aika shi zuwa lambar waya, ko adireshin imel, ko wata na'urar irinta, yana ɗauke da wurin da aka aiko shi. Wanda aka aika wa yana iya amsawa. Wannan amsar ita ce dalilin da ya sa nake ganin na'urar ta fi duk wani abin kiran agaji da ke magana ta fuska ɗaya, domin mafi yawan abin da ke samun mota a hamada ba ya farawa a matsayin bala'i. Yana farawa ne da kafewa a rairayi, ko lagireto mai ɗigo, ko fambel da ya tsinke, ko taya ta biyu da ta fashe bayan an riga an ɗaura safaya. Abin da ke mayar da waɗannan bala'i shi ne rashin sanin abin yi, da rashin wanda ya san halin da ake ciki, da tsoron da ke tura mutum ya bar mota ya kama tafiya a ƙasa.

Akwai wani abin da ya faru a Kudancin Ostareliya a watan Disamba na 1998 wanda ya kamata duk mai shirin irin wannan tafiya ya sani. Wasu 'yan yawon buɗe ido biyu daga ƙasar Ostiriya sun kafe da motarsu a rairayi kusa da tafkin Eyre, a lokacin bazarar can. Suna da ruwa a wurin, motar kuma lafiyarta ƙalau. Sun bar bayanin tafiyarsu a wani masauki kafin su shiga, amma ba a lura da rashin dawowarsu da wuri ba. Su biyun suka kama hanya a ƙasa domin neman taimako. Macen ta ci gaba da tafiya, zafi ya kashe ta a kan hanya, namijin kuma da ya koma wurin mota ya rayu. Da jami'ai suka isa wurin, rage iskar tayoyi da ɗan tonon rairayi kawai suka yi, motar ta fita cikin ɗan lokaci. Ina yawan tuna wannan labari idan na riƙe wannan na'ura, domin saƙo guda mai cewa a sauke iskar tayoyin zuwa tsakanin 15 da 20 a ma'aunin psi, a share rairayin da ke gabansu, a jira sanyin asuba lokacin da rairayi ya fi ƙarfi, ya isa ya sauya ƙarshen al'amarin, kuma duk wannan bai kai haruffa 160 ba.

Saboda haka nake ba da shawarar cewa kafin a tashi, a zaɓi mutum biyu da za a riƙa yi wa saƙo. Na farko bakaniken da ya san irin motar, ya kuma yarda zai amsa ko da dare ne. Shi za a tambaya idan injin ya fara zafi, ko aka ji ƙara a ƙarƙashin mota, ko ana shakkar ko za a iya ci gaba da tafiya da shokozoba ɗaya da ta mutu. Na biyu shi ne wanda zai riƙe takardar tafiya a gida, kuma aikinsa ya fi na farko nauyi. A takardar nan a rubuta hanyar da za a bi, da zangon kowace rana, da lambar mota da launinta, da yawan mutanen da ke ciki, da duk wanda ke da ciwon da ke buƙatar magani, da yawan ruwa da mai da aka ɗauka, da lambar hukumar da ke da alhakin yankin. Sannan a yi yarjejeniya a fili a kan lokacin da za a riƙa aiko da saƙon cewa ana lafiya, da yawan awannin shirun da idan sun wuce zai ɗauki mataki. Na'urar tana da saƙonni uku da aka tanada domin wannan, ana aika su da danni biyu ko uku, tana kuma iya aika wurin da ake duk bayan minti 10 zuwa wani shafi da na gida zai buɗe ya ga motar a taswira. Amma ɗigon da ya daina motsi a taswira ba ya faɗin dalili. Yana iya nufin hutu, ko batir ya ƙare, ko mota ta kife, kuma idan ba a yi wannan yarjejeniya ba, na gida zai tayar da hankalin hukuma a banza, ko kuma ya yi shiru a ranar da bai kamata ba.

Akwai wani ƙaramin abu da ke da haɗari a nan, wato yadda ake rubuta lambobin wuri. Ana iya rubuta su da digiri da ɗigo, ana kuma iya rubuta su da digiri da minti, kuma ga wanda bai saba ba kamar abu ɗaya ne. Digiri 23.30 daban yake da digiri 23 da minti 30. Tsakaninsu akwai tazarar kusan kilomita 22, wadda a cikin tuddan rairayi tana iya zama binciken yini guda. Na'urar tana barin mai ita ya zaɓi tsarin da yake so, don haka a daidaita shi da na taswirar takarda da ke mota, da na manhajar da ke waya, da wanda na gida ya iya karantawa.

Maɓallin neman agaji yana ƙarƙashin wani murfi a gefe, domin kada ya dannu da kansa a cikin jaka. Idan aka ɗaga murfin aka danne shi, bayan ɗan ƙirge sai saƙo ya tafi cibiyar Garmin Response, wadda ke aiki dare da rana. A minti goman farko na'urar tana aika wurin da take kowane minti, daga nan sai ta koma duk minti 10 domin tattalin batir, kuma ana iya rubuta wa ma'aikatan cibiyar abin da ya faru su amsa. Wannan yana da amfani ƙwarai, domin shirin da za a yi wa wanda maciji ya sara daban yake da na motar da injinta ya mutu alhali mutanenta suna da ruwan kwana biyar. Sai dai ya kamata mai saye ya sani cewa cibiyar ba ta da jirgi ko mota tata a hamada. Aikinta shi ne ta tuntuɓi hukumomin ƙasar da ake ciki da mutanen da aka rubuta sunayensu, ta kuma bi diddigin lamarin. Saurin zuwan agaji ya dogara ne ga abin da ƙasar ke da shi, da nisan wurin daga inda jirgi mai saukar ungulu zai iya shan mai, da yanayin iska da ƙura, wani lokaci har da halin tsaro. A wasu wurare awanni ne, a wasu kwanaki. Kuɗin ceton kansa ma ba ya cikin kuɗin rajistar na'urar, inshora ce daban, janyo motar da ta lalace kuma ba aikin masu ceton rai ba ne.

A nan ne nake jin tsoron abin da irin wannan na'ura ke iya jawowa ga wanda bai yi tunani ba, wato ya rage guzuri domin yana ganin taimako na kusa. Mutumin da ke tonon rairayi a ƙarƙashin mota da rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita guda a awa ɗaya, kuma mota a rairayi mai laushi tana iya shan kusan ninkin man da take sha a kan kwalta. Hukumomin da ke kula da hamadar Simpson ta Ostareliya, mai tuddai fiye da 1,100, suna rufe ta ga matafiya daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris na kowace shekara saboda zafi, duk da cewa mafi yawan masu shigarta suna ɗauke da kayan sadarwa, domin sun san cewa saƙo yana isa da wuri amma jiki ba ya jira. Lissafin ruwa dole ya haɗa da kwanakin tafiya, da kwanakin da za a iya yi ana jiran agaji, da abin da lagireto zai buƙata, a kuma rarraba shi cikin jarkuna da yawa domin kada huda ɗaya ta kwashe shi duka. Safaya biyu, da famfon iska mai ƙarfi, da gejin taya, da shebur, da allunan da ake sakawa a ƙarƙashin taya, babu ɗaya daga cikinsu da wannan na'ura ta maye gurbinsa.

Batirinta yana cikin abubuwan da suka fi gamsar da ni. Kamfanin ya ce yana kai kwana 14 idan tana aika wuri duk minti 10 a ƙarƙashin buɗaɗɗen sama, ya kuma kai kwana 30 idan aka mayar da shi duk minti 30. A hanya irin ta Canning a Yammacin Ostareliya, mai tsawon kimanin kilomita 1,850 da rijiyoyi 51, wadda ake yin mako biyu zuwa uku a kanta, wannan yana nufin ko wutar mota ta mutu gaba ɗaya, na'urar za ta ci gaba da aiki tsawon lokacin da ake buƙatarta idan aka sa ta a kan minti 30. Ana cajinta da wayar USB-C, irin ta yawancin wayoyin yanzu. Zafi ne abin lura. An tsara ta ta yi aiki har zuwa digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, amma caji ba ya halatta sama da digiri 45, saman dashbod kuwa a bayan gilashi da tsakar rana yana wuce duka biyun. Ga shi kuma nan ne wurin da ya fi dacewa ta ga sama, domin rufin mota na ƙarfe yana tare siginar, wasu gilasan masu rufin kare zafi ma suna rage ta, na'urar kuma ba ta da wurin jona eriya ta waje. Abin da na ga ya fi shi ne a kafa ta a tsaye kusa da gilashi inda iskar sanyaya mota ke bugun ta, eriyar na kallon sama, a yi cajinta da safe ko da dare, idan an tsaya kuma a cire ta a saka a jiki. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin idan mota ta kama wuta, abin da kan faru idan busasshiyar ciyawa ta taru kusa da salansa, abin da ke jikin mutum kaɗai yake fita da shi.

Rauninta mafi girma shi ne rubutu. Ba ta da allon haruffa, sai dai a riƙa hawa da sauka da maɓalli ana zaɓen harafi ɗaya-ɗaya, kuma jimla guda tana cin mintoci. Maganin haka shi ne a haɗa ta da wayar hannu ta Bluetooth a yi rubutun a manhajar kamfanin, wanda ke aiki lafiya, amma hakan ya sa jin daɗin amfani da ita ya rataya ga wayar da ba ta jure zafi da faɗuwa kamarta. Ya kamata mutum ya koyi rubutu a kan na'urar kanta tun yana gida, ya kuma koya wa kowa da ke cikin motar, domin mai yiwuwa wanda ya iya shi ne wanda zai ji rauni. Taswira ma babu ita a allonta. Tana nuna layin da aka biyo ne da wuraren da aka ajiye, tana da kamfas, tana kuma iya mayar da mutum ta sawunsa, wanda ke da amfani ga wanda ya sauka ya leƙa bayan tudu ya rasa inda mota take. Amma ba za a ƙetare hamada da ita a matsayin jagora ba. Haka nan ba ta sauraren saƙo a kowane lokaci kamar waya: bayan an aika tana jiran amsa na ɗan lokaci, daga nan sai ta riƙa dubawa jefi-jefi, don haka idan ana jiran amsa mai muhimmanci a sa ta ta duba da hannu. Hasashen yanayi da take kawowa idan an nema yana taimakawa wajen sanin iska da zafin gobe, ko da yake a wuraren da babu tashoshin auna yanayi ba na ɗora masa nauyi fiye da abin da ido ke gani.

Ba ta aiki sai da rajista da ake biya, kuma wannan ya haɗa da maɓallin neman agaji. Wanda ya dakatar da rajistarsa bayan tafiyar bara ya manta bai sabunta ba, abin da ke hannunsa kamfas ne da mai nuna wuri kawai, kuma sabuntawar tana buƙatar intanet. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka a kunna rajistar mako guda kafin tashi, a sabunta manhajar na'urar, a fita fili a aika saƙon gwaji ga duk wanda ke cikin jerin, a tabbatar amsarsa ta dawo. Sai kuma maganar doka, wadda mutane da yawa ba su san da ita ba: akwai ƙasashen da suka hana shiga da kayan sadarwar tauraron ɗan'adam ko suke buƙatar izini, Indiya misali ce sananniya inda ake tsare matafiya a filin jirgi a kan haka, kuma a yankunan kan iyaka jami'an tsaro suna iya ɗaukar abin da zafi. Wanda hanyarsa za ta ratsa ƙasa fiye da ɗaya ya nemi bayanin kowace a rubuce kafin ya tashi.

Idan aka kwatanta ta da sauran abubuwan da ke kasuwa, kowanne yana da gurbinsa. Na'urar kiran agaji mai amfani da zangon rediyo na megahaz 406, wadda ke ƙarƙashin tsarin ƙasa da ƙasa na Cospas-Sarsat, ba ta buƙatar kuɗin wata-wata, batirinta yana zama shekaru a ajiye, kiranta kuma yana zuwa kai tsaye ga cibiyoyin ceto na gwamnatoci, amma ba ta faɗin abin da ya faru, ba ta kuma dawo da amsa a rubuce. Wayar tauraron ɗan'adam tana ba da murya, wadda babu kamarta idan likita ne zai yi bayanin yadda za a tsayar da jini, sai dai ta fi nauyi da tsada, batirinta kuma ba ya daɗewa haka. Wasu wayoyin hannu, tun daga iPhone 14 a 2022, suna iya aika saƙon gaggawa ta tauraron ɗan'adam, amma a ƙasashe ƙididdigaggu kawai, kuma ba zan jingina tafiyar makonni a kan wayar da ake ɗaukar hoto da ita duk yini ba. Garmin kansa ya fitar da inReach Messenger Plus a 2024, mai iya aika hoto da saƙon murya, kuma hoton abin da ya karye yana iya sauƙaƙa wa bakanike aiki. Wanda bai riga ya saya ba, ya kamata ya duba ta. A tafiya mai nisa sosai, ni ina ɗaukar Mini 2 tare da na'urar megahaz 406, domin hanyoyinsu daban ne, abin da ya kashe ɗaya ba lalle ya kashe ɗayar ba.

Ga masu tafiya a ayari, na'ura ɗaya ga motoci uku ko huɗu tana isa muddin ba za a rabu ba, amma a hamada ana rabuwa: wata mota takan koma baya neman mai, wata takan wuce gaba duba hanya, rediyon da ke tsakanin motoci kuma ba ya wuce 'yan kilomitoci idan tuddai suka shiga tsakani. Don haka na fi son a samu aƙalla biyu, ɗaya a motar gaba ɗaya a ta baya. Na'urorin suna iya yi wa juna saƙo, amma sai kowace ta san adireshin ɗayar, kuma wannan adireshi daban yake da lambar wayar mai ita. A shigar da adiresoshin tun ana gari, a gwada su, a kuma rubuta su a takarda a ajiye a aljihun gaban kowace mota tare da kwafin takardar tafiya.